Amsa kan sashe na 17 na dokar haƙƙin mallaka ta Turai

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya tambaya ko gaskiya ne a Turai YouTube ake kamawa idan wani ya ɗora waƙar da ba tasa ba, to ka kasa kunne, don a nan ɗalibai ke zamewa a jarrabawa.

Abin da kake nema umarnin Tarayyar Turai ne mai lamba 2019/790, sashe na 17. Ka lura, umarni na ce. Ba ya aiki kai tsaye, sai kowace ƙasa ta zuba shi cikin dokarta, wa'adin da aka ba su kuma 7 ga Yuni 2021. A da, ƙarƙashin umarnin kasuwancin intanet na shekarar 2000, dandali irin su YouTube ba shi da laifi muddin bai sani ba, kuma ya cire abu da zarar an kai ƙorafi. Yanzu an juya lamarin. Dandalin da ke tara kayan jama'a masu yawa don riba, shi ake ɗauka ya watsa. Kafin ya kuɓuta sai ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman lasisi, wato izinin masu haƙƙin, ya yi iya ƙoƙarinsa wajen toshe ayyukan da masu su suka ba shi bayanansu, sannan in an sanar da shi ya sauke da gaggawa, ya kuma hana a sake ɗorawa. Ƙaramin dandali da bai kai shekara 3 ba, kuma cinikinsa na shekara bai kai Yuro miliyan 10 ba, an sassauta masa.

To ga inda gizo ke saƙar. Sashen bai ambaci na'urar tacewa ba ko sau ɗaya, wato manhajar da ke tantance abin da ake ɗorawa ta toshe shi da kanta, amma wa zai zauna ya kalli miliyoyin bidiyo da idonsa? Na'ura kuwa sauti take gwadawa da sauti, shi ke nan. Ba ta bambance ɓarawon waƙa da wanda ya yanko daƙiƙa goma don sharhi ko shaguɓe, alhali sakin layi na 7 na sashen ya halatta waɗannan. Poland ta kai ƙara a kan haka. Ranar 26 ga Afrilu 2022 Kotun Tarayyar Turai ta bar sashen a tsaye, amma ta ce tacewar da ke toshe halastaccen abu ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Shi ya sa sai ka buɗe dokar ƙasa. Jamus ta sa adadi: gutsuren da bai wuce daƙiƙa 15 na sauti ko bidiyo ba, ko haruffa 160, ana barinsa a kan dandali har a duba ƙorafi, in dai bai kai rabin aikin ba, an haɗa shi da wani abu, kuma ba don kasuwanci ba. Faransa ba ta sa irin wannan adadin ba. Birtaniya kuwa ba ta ɗauki umarnin ba sam, ta riga ta fice, kada ka kuskura ka sa ta a amsarka.