Kamfani na neman lambar gonar da riɗina ya fito: ina gaskiyar wannan doka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayen riɗi da zoɓo ne a kasuwannin ƙauye na yankin Gumel da Maigatari, ina tarawa ina kai wa wani kamfani a Kano mai fitarwa waje. Bana sun ce suna son sunan kowane manomi da lambar gonarsa, wai Turai ta kafa doka kowane kaya sai da fasfo na kwamfuta. Har wani yaro ya ce in biya shi ya sa mini manhaja a waya. Gaskiya ne? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gaskiya a maganar, sai dai an cakuɗa maka dokoki daban-daban an mai da su guda.

Fasfon da ake faɗa yana cikin wata dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Yulin 2024. Lamba ce da za a manna wa kaya, mai saye ya haska da waya ya ga inda aka yi su da abin da aka yi su da shi. Amma kayan masana'anta take nufi, irin su tufafi da ƙarfe da taya, kuma ta ware abinci gefe. Marinan Kura masu burin kai yadi Turai ne ya kamata su kasa kunne, ba kai ba. Akwai kuma dokar hana sare daji ta 2023, wadda aka ɗage fara aiki da ita fiye da sau ɗaya. Ita ce ke neman lambar gona, wato lambobin da ke nuna inda gonar take a taswira, don a tabbatar ba a share daji an yi gonar ba bayan 31 ga Disamban 2020. Kaya bakwai ta lissafa: shanu, koko, kofi, manja, roba, katako da waken suya. Babu riɗi, babu zoɓo. In kana taɓa waken suya, to nan ta shafe ka.

Wadda ta fi kusa da buhunka tsohuwa ce, dokar abinci ta Turai ta 2002, da ta ce duk mai harkar abinci can ya san wanda ya saya a hannunsa da wanda ya sayar wa. Ga shi kuma riɗin Najeriya na cikin kayan da ake tsananta wa bincike a bakin iyakarsu saboda ƙwayar cutar salmonela. Mun ga yadda abin ke ƙarewa: a 2015 Turai ta hana busasshen wakenmu shiga saboda an samu gubar da ke cikin fiya-fiya ta wuce kima, Meziko kuma, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa saboda ƙwaro. Idan kwantena ɗaya ta faɗi gwaji, mai saye zai tambayi kamfani daga ina, kamfani ya juyo kanka. In ba ka da amsa, duk kayanka ne abin zargi. Don haka ko doka ba ta ambaci riɗi ba, kamfanin bai yi maka ƙarya ba da ya ce yana bukata.

To a ina labarin kaya yake ɓacewa? A wurin awo. Ranar Alhamis a Maigatari, wannan ya kawo tiya goma, wata tsohuwa ta aiko jikanta da tiya uku, wani ya sauke rabin buhu daga kan babur, yaranka suna ta juyewa a buhu ɗaya suna ɗinkewa. Daga lokacin da allura ta shiga bakin buhun nan, babu manhajar da za ta iya raba riɗin wanda ya kakkaɓe damminsa a kan tamfol mai tsabta da na wanda ya kakkaɓe a ƙasa inda kaji da awaki ke kiwo. Kashin nan nasu kuwa na cikin manyan hanyoyin da salmonela ke shiga kaya. Wannan ne ke damuna, domin manomin da ya wahala ya gyara aikinsa shi ma ana ƙin kayansa tare da na wanda bai kula ba.

Saboda haka kada ka ba yaron nan kuɗinka tukuna. Sayi littafi mai kauri da alƙalamin rubutu a buhu. Kowane buhu a ba shi lamba, a littafi a rubuta lambar, ranar saye, ƙauye, sunayen waɗanda kayansu ke ciki da yawan na kowa, da ko an sa wa kayan magani da sunan maganin. Na san ba za ka iya ware buhu ga mai tiya uku ba. Ware su ƙauye-ƙauye, rana-rana, kuma kada a sake juye su wuri ɗaya a sito. Ranar lodi ka rubuta lambobin buhunan da suka hau mota da lambar motar, ka ɗauki hoton shafin. Duk manhajar da za ta zo daga baya, abin da ke cikin littafin nan za a zuba mata.

Lambar gona ba ta da wuya. Mutum ya tsaya a tsakiyar gonar, ya buɗe Google Maps, ya danna wurin ya riƙe, lambobi biyu za su fito, a kwafe su kaf ba a rage ko ɗaya ba. A dokar dajin, gonar da ta haura hekta 4 sai an zagaya iyakarta. Fara da manoman da kuka daɗe kuna hulɗa. Amma ka bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, ka yi wa mutane bayani, don manomin da ya ga baƙo na auna gonarsa da waya zai zaci haraji ne ko ƙwace, kuma yana da haƙƙin ya ƙi.

Kafin ka miƙa wa kamfanin sunayen, ka nemi su rubuta maka wace ƙasa kayan za su da ainihin bayanin da mai sayensu ke nema. Ka tambaye su ƙarin nawa za su yi a buhu, tunda aikin na cin lokaci da kuɗin mai, kuma manomin da ya sayi tamfol ya cancanci kasonsa. Ka kuma riƙe littafinka a hannunka, kwafi kawai za ka ba su, domin da sunayen nan kamfani zai iya tsallake ka ya je ƙauyen da kansa. Takardar shaidar lafiyar tsirrai ta hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona, da rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, nauyin mai fitarwa ne, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai yi maka su.