Kamantawa ce ko siffantawa? Amsa ga wata malama daga Tawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Hausa a wata makaranta a nan Tawa. Ɗalibaina sun haddace sunayen adon harshe tsaf, su kamantawa, siffantawa, alamtarwa da jinsintarwa, amma da an ajiye musu baiti sai su rasa wanne ne wanne. Ni ma wani lokaci nakan yi shakka. Sannan wani daga cikinsu ya kawo mini waƙarsa, kowane layi ya ƙare da "wa", amma in na rera sai in ji tana tuntuɓe. Me ta rasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Zan fara da waƙar yaron, domin a nan gizo yake saƙa.

Abin da ya samu shi ne amsa-amo, wanda malaman zaure ke kira ƙafiya. Abin da ya rasa shi ne kari. A kula, kalmar "kari" tana da ƴan'uwa da yawa: akwai karin magana, akwai karin harshe kamar Adaranci da Kananci, akwai karin sauti na hawa da saukar murya. Wanda nake nufi shi ne karin waƙa, wato yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke jeruwa a layi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ma" a farkon "manomi". Mai nauyi kuwa ko dai wasalinta dogo ne, kamar "no" ɗin da ke biye, ko tagwai ne kamar "kai", ko kuma baƙi ya rufe ta kamar "son". Ga layi biyu da na tsara domin mu auna:

Manomi yana son zubowar ruwa,
Kamar yadda yaro yake son uwa.

Ki rera a hankali kina buga tebur. Za ki ji gajera ɗaya, dogaye biyu, suna ta komowa: ma-noo-mii, ya-naa-son, zu-boo-war, ru-waa. Wannan rukunin gaɓoɓi da ke ta komowa shi ake kira ƙafa; sunan wannan ƙafa fa'uulun, karin kuma sunansa Mutaƙarab. Ƙafar ƙarshe an datse mata gaɓa guda, kuma an yarda da haka muddin aka riƙe shi a sauran layuka. Yanzu ki cire "yaro" ki sa "jariri". Ma'ana ta ma fi daɗi, amsa-amo yana nan daram, amma harshe zai sarƙe a tsakiyar layi saboda gaɓa mai nauyi ta ƙaru. Tuntuɓen da kika ji ke nan.

Abin da ke wahalar da ɗalibai shi ne rubutun boko da muka saba ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo ido ɗaya yake ganin su. Ajami ya fi taimako a nan, domin yakan ja wasali da alif ko wawu ko ya. Saboda haka duk wanda ya zauna yana ƙirga gaɓoɓi da ido a kan takarda zai yi ta kuskure. Sai an furta.

Wannan awo ya zo mana daga aruli, ilimin da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya Akhfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Ya zauna wa Hausa daidai saboda gaɓarmu ma nauyi da rashin nauyi gare ta, kamar ta Larabci. Malaman jihadi sun yi aiki da shi sosai, kuma ki tuna wa yaranki cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, cikin jiharku. Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar. Wanda ya je Yamai kuma zai iya neman sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Abdu Mumuni.

Sunayen tsari ba su da wuya, zan bi su da sauri. Layi shi ne ɗango, tarin ɗangogi baiti. Mai ɗango ɗaya a baiti gwauruwa ce, sai ƴar ƙwar biyu, ƙwar uku, har ƙwar biyar. In wani ya ɗauki waƙa mai ƙwar biyu ya ɗora layi uku a kan kowane baiti, ya yi mata tahamisi. A waƙa mai ƙwar biyar, sautin da ke rufe kowane baiti tun daga farko har ƙarshe shi ne babban amsa-amo, wanda ke cikin baiti yana sauyawa kuma ƙarami.

Sai adon harshe. Yawancin waɗannan sunaye sun bazu ne ta hanyar ayyukan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, kuma sun yi amfani ƙwarai. Ni dai hanyar da nake bi da ɗalibai ita ce tambaya guda: abubuwa nawa mawaƙi ya ajiye a gabanmu, kuma me ya sa a tsakaninsu?

In ya ajiye biyu, ya sa gada a tsakani, kamantawa ce. Gadar ita ce "kamar", "tamkar", "sai ka ce", da "awa" ɗin da kuke ji kullum a bakin mutanen Adar. Baitinmu na sama haka yake: son manomi ga ruwa, son yaro ga uwa, "kamar" ta haɗa su. Wannan kamancen daidaito ne. In ya ce "ya fi zuma zaƙi" ya yi na fifiko, in ya ce "bai kai ƙafarsa ba" ya yi na kasawa. Ɗalibai sukan manta da waɗannan biyun don ba su ga "kamar" ba.

In ya ajiye biyu ya janye gadar, ya ce wannan shi ne wancan, siffantawa ce: "Ruwa ne uwar duk manoman ƙasa." Ko kirarin da kowa ya sani, damina uwar albarka. Ki lura da abin da ya sauya. A kamantawa mai sauraro yana tsaye yana kwatanta, yana da damar ya ce a'a, ba su yi kama ba. A siffantawa an riga an yanke masa hukunci. Shi ya sa kirari ya fi son ta. Ki saurari masu yi wa ƴan kokowa kirari a gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975: ba sa tsayawa cewa wane kamar bajimi yake, bajimin suke kira kai tsaye, don lokacin zuga ba lokacin lallashi ba ne.

In kuwa abu ɗaya kawai ya ajiye, ya bar miki ki gano na biyun, alamtarwa ce. Mawaƙi ya ce rumbu ya bushe, bai ambaci yunwa ba. Ya ce rawani ya koma wani gida, bai ambaci sarauta ba. Wannan tana bukatar wanda ya san al'adar, shi ya sa ta fi sauran wuyar fassarawa zuwa Faransanci.

Jinsintarwa ita ce ke kawo rigima a aji, kuma ina ganin rigimar ta wuce kima. Ma'anarta a ɗauki halin wani jinsi a ba wani. A ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ke nan, kamar yadda waƙoƙin wa'azi ke mai da duniya mace mai kwalliya da yaudara. A ba mutum halin dabba, dabbantarwa. A mai da shi dutse ko garkuwa, abuntarwa. To in makaɗin fada ya kira sarki giwa, siffantawa ce ko dabbantarwa? Duka biyun ne. Ta fuskar ginin magana siffantawa ce, ta fuskar abin da aka aro dabbantarwa ce. Ina roƙon ki kada ki soke yaron da ya ba da ɗaya daga ciki. Makin da ya fi yawa ki ajiye shi ga wanda ya iya faɗin dalilin da ya sa aka zaɓi giwa aka bar zaki: nauyi, rashin gaggawa, da cewa in ta bi hanya sai kowa ya kauce. Na sha duba takardun da aka jera sunayen ado goma babu kuskure, amma ba a ce uffan kan abin da ko ɗayansu ya yi wa jigon waƙar ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Gargaɗi ɗaya game da waƙar baka. Kada a ɗora mata ma'aunin aruli da ƙarfi. Mai gurmi ko kalangu kiɗansa ne ke riƙe masa awo, yana iya jan gaɓa ko ya haɗiye ta yadda sanda ta nema, kuma sau da yawa bai damu da amsa-amo ba. A can ana maganar gindin waƙa da ɗiyanta da ƴan amshi. Adon harshe kuwa ɗaya ne a duka biyun.

Game da ɗalibin naki, ki sa shi ya zaɓi layin da ya fi masa daɗin rerawa a cikin waƙar, ya mai da shi ma'auni, ya rera kowane layi a kan muryarsa yana tafi. Inda tafin ya riga bakinsa ko bakin ya riga tafi, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar ya nemo wata mai nauyin da ya dace. In kin samu dama ki turo mini baitoci biyu na farko, tare da gyaran da ya yi, mu auna su tare a wannan fili.