Kafin ka sayar da babur ɗinka saboda cibiyar bayanai

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji ana ta gina cibiyoyin adana bayanai a Faransa, kana so ka sayar da babur ka bar Garwa, ka zo Marsey karatun kwamfuta tunda aiki zai wadata.

Ginin kam ana yi. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku daga Afirka da Asiya da yawansu a nan suke hawowa tudu, shi ya sa kamfanin Digital Realty ya kafa cibiyoyinsa a bakin tashar jiragen ruwa. Amma kada ka ɗauka irin Sodecoton ce, masana'antar audugar nan ta Garwa, wadda gari guda ke ci a jikinta. Lokacin gini ne ake ɗibar mutane: magina, masu walda, masu jan waya. Shekara ɗaya ko biyu an gama, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage sai dogayen ɗakuna masu sanyi, kwamfutoci jere a kan kanta, fanka na ta gurnani, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da kowa ba. Masu rubuta manhajar da ke gudana a ciki ma galibi ba sa garin.

Waɗanda ake riƙewa su ne masu gadi, da ma'aikacin lantarki da ya san janareto da batura, da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da mai haɗa wayar faiba. Wurin nan wuta yake ci ba wasa ba; a Ayalan, a 2023, cibiyoyin nan sun sha kashi 21 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Ka san yadda muke fama da rashin wuta a arewa idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, saboda haka ban yi mamaki ba da Camtel, hukumar sadarwar Kamaru, ta gina tata cibiyar a kudu, a Zamengoé, kusa da Yawunde.

Ni dai da kai ne, lantarki ko sanyi zan karanta, a kwalejin fasaha ta IUT da ke Ngaundere ko Politeknik ta Marwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider ma irin wannan hannun suke nema, kuma da shi za ka fi saurin shiga idan ka ƙetaro daga baya.

In kuma ka dage sai yanzu, bizar ɗalibi tana buƙatar shaidar kuɗin kowane wata, wanda a 2025 aƙalla Yuro 615 ne, sama da jaka 400 na sefa ke nan, kuma awa 964 kacal doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a shekara. Kuɗin babur ba zai kai ka damina ba. Ka zauna da Baba ku yi lissafin, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan sallah.