Wai makiyayi yana karya ƙafar tunkiyar da ta cika ɓacewa?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni uwa ce daga unguwar Bagalam. Ɗana na fari, shekararshi 16, ya bar zuwa sujada tun bayan Kirsimeti, kullum yana fada, wurin zaman hirar samari, sai tsakar dare. Babanshi ya ji wani wa'azi a WhatsApp wai makiyayan Isra'ila in tunkiya ta cika ɓacewa sai su karya mata ƙafa su saɓa ta a kafaɗa har ta warke, daga nan ba ta ƙara rabuwa da su. Ya yi ma yaron dukan da hannunshi ya kumbura, yau kwana 4 bai kwana gida ba. Maigida ya ce in ƙyale shi, in mu ba mu karya shi ba Allah zai karya shi da ciwo ko haɗari. Na kasa barci. Kai da ka san tumaki kuma ka san Littafi, haka abin yake?

Amsa: Ɗiyata, sannu da haƙuri. Ba haka ba ne, kuma tun ba mu yi nisa ba, a nemo yaron yau a kai shi likita a duba hannun nan, kumburin kwana 4 yana iya zama targaɗe yana iya zama tsagewar ƙashi.

Wannan labari na karya ƙafa ya ishe ni. Na ji shi a bagade, na ji shi a taron zumuntar mata, yanzu ga shi yana yawo a salula, kuma duk wanda na tambaya "a wace aya?" sai ya ce ai haka makiyayan da suke yi. Su wa? Babu shi a Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi. Mai wannan wa'azi da ya taɓa ɗora karayar rago ko sau ɗaya da hannunshi da bai faɗa ba. Ni na ɗora. Wani balami na da nike turka don kasuwar babbar salla ya zura ƙafar gaba a rami wajen Gulbi, ƙashin ya karye ƙasa da gwiwa, muka ɗaure da karare da tsumma, sama da wata guda yana kwance ina kai mishi harawa da dussa har baki, kuma ya rame ƙugu ya fito. Da ya tashi ka zaci zai manne mini? Ko motsina ya ji sai ya ja da baya har igiya ta shaƙe shi, don ni ne na danne shi ranar ɗori. Wannan fa ni taimakonshi na yi. To ina ga wanda ya karya da gangan? Kuma ƙafar ƙasa ke nan, in cinya ce ta karye ga babbar dabba yawanci sai wuƙa. Rago mai ɗingishi ba a yin layya da shi, a kasuwar dabbobi rabin kuɗi ma sai da roƙo, a Isra'ila ma Littafin Firistoci 22:22 ya hana a kai karyayyar dabba hadaya. Wane makiyayi mai hankali ne zai ɓata dukiyarshi da hannunshi, sannan ya yi makonni yana yawon kiwo da dabba mai kilo 30 a wuya?

Abin da muke yi ma dabba mai yawo kowa ya sani: dabaibayi, turke, ko a haɗa ta da babbar tunkiya mai natsuwa. Kuma akwai abin da masu wa'azin nan ba su sani ba, tunkiya ba ta son kaɗaici ko kaɗan, in ka ga ɗaya ta ware ta tsaya baya kai a ƙasa to yawanci ciwo ne ke cinta, ko tsutsar ciki ko zazzaɓi ko ƙaya a kofato, ko kuma manya sun hana ta kai baki ga kwano. Sai ka kama ta ka duba idon, ka buɗe bakin, ka ɗaga ƙafar. Wa ya duba yaron nan haka? An tambaye shi mi ya kore shi daga majami'a? Ko an kunyata shi gaban tsaranshi, ko lakwal ta gagare shi yana jin kunyar faɗi, ko an fara ba shi tramol a fada? Kowanne da maganinshi, kuma duka ba ya cikin ko ɗaya.

Ki buɗe Luka 15 ki karanta ma maigida. Mai tumaki 100 ya bar 99 ya bi sawun guda, da ya same ta ya saɓa ta a kafaɗa yana murna, ƙafafunta huɗu lafiya lau. A Ezekiyel 34:4 Ubangiji yana tuhumar makiyayan Isra'ila ne don ba su ɗora wadda ta karye ba, ba su nemo ɓatacciya ba, sun mallake su da ƙarfi da mugunta, a aya 16 kuma ya ce shi da kanshi zai ɗora karyayyar. Ka ga mai ɗori an maishe shi mai karyawa! Za a ce miki ai Zabura 23 ta ambaci sanda. E ta ambata, amma Dawuda ya ce sandan nan ta'aziyya yake ba shi, don na korar kura ne da tare hanya. Horo yana nan, Ibraniyawa 12 ta faɗa, ban ce a zuba ma yaro ido ba, dabaibayi ma horo ne: a sa mishi lokacin shigowa gida, a ba shi aikin hannu, a san su wa yake zama da su. Amma Afisawa 6:4 da ubanni take magana, kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Sai maganar wai Allah zai karya shi da haɗari. Wannan ta fi yi mini ciwo, don na ga gidan da aka yi ta faɗin haka, yaro ya faɗi da kabu-kabu, uwa ta kasa ko kuka a fili don mutane suna cewa hannun Ubangiji ne. Kada bakinku ya saba da wannan kalma. Makiyayi mai kyau a Yahaya 10:11 ranshi ya bayar domin tumaki, jikinshi ne aka raunata.

Maigidanki ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi aka kuma ba shi gurɓataccen abinci. Kada ki yi mishi gardama gaban yara. Ki samu fastonku ko dattijon da yake jin nauyinshi su zauna da shi daren nan, amma neman yaron kada a aika ƙane, uban ne zai taka da ƙafarshi har fadar, hannu ba sanda, ya kira shi da sunan da yake kiranshi tun yana ƙarami. Ke kuma ki ɗora tukunya, ki aje mishi tuwonshi a rufe ko da ba zai shigo ba sai gobe.