Kai da ke son fannin ƙashi

Jiya muna wanke hannu bayan tiyata ka ce da ni, "Baba, ni fa fannin ƙashi nake son in karanta. Me ya sa kullum kake kira na aikin haihuwa, ko gwaiwa, ko cikin da hanji ya fashe?" Ban amsa maka ba don mai naƙuda na jiran mu. To ga amsar, ɗana.

Dubi inda muke. A Asibitin Malam da ke Kano kowane fanni da ƙofarsa. Nan ƙofa ɗaya ce. Wanda ya faɗo daga babur, da yaron da taifot ta huda wa hanji, da matar da ta kwana biyu tana naƙuda kafin a ɗoro ta a amalanke, duk ta nan za su shigo, kuma in dare ya yi kai kaɗai za su tarar. Da damina kuwa, kafin mota ta kai Dutse wani ya riga ya cika.

Amma ko da a birni muke, haka zan koya maka. Tushen aikin ɗaya ne: ka ga wuri sarai kafin ka sa wuƙa, ka tsayar da jini, ka yi ƙullin da ba zai zame ba, kada ka fizgi nama. Sai dai kowane nama da halinsa, kuma kowanne akwai abin da yake gyara wa hannu. Hanji shi ke koyar da taushin hannu. In ka matse ɗinki ka kashe bakin wurin, in ka sassauta ya yi yoyo cikin ciki, kwana huɗu ko biyar sai ka ga zazzaɓi da kumburi. Mahaifa kuma ita ke koyar da sauri ba tare da ruɗewa ba, don in ciki ya kai wata tara jinin da ke bi ta cikinta yakan kai rabin lita a minti guda. Wanda ya saba tsayawa a gaban irin wannan jini, hannunsa ba zai yi rawa ba ranar da aka kawo masa cinya a karye jijiya na tsartuwa.

Ina ƙaramin likita kamarka na taɓa yi wa wata mata tiyatar haihuwa, wadda aka taɓa yi wa a baya. Tabon ya manne mafitsara da mahaifa, ni kuma ban tura ta ƙasa yadda ya kamata ba, sai na ga fitsari ya cika wurin. Gabana ya faɗi. Abin da ya cece ta, bayan ikon Allah, shi ne watannin da na yi ina riƙe wa wani likitan mafitsara ƙarfen da ke buɗe wurin aiki yana tiyata, ina ƙunƙuni a raina irin naka. A wurinsa na ga ana ɗinke ta hawa biyu, da zaren da ke narkewa, don wanda ba ya narkewa dutse ke taruwa a kansa. Na ɗinke, na bar mata robar fitsari mako biyu, ta tafi gida a bushe. Har yau in na tuna sai na yi wa mutumin nan addu'a. Kuma ka sani, karayar ƙugu, wadda aikinka ce, takan fasa mafitsara ko ta tsinke hanyar fitsari.

Aikin yoyon fitsari ma da hannu ya yaɗu a ƙasar nan. Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan da ya zo asibitin Babbar Ruga a Katsina a shekarun 1980, a gefensa likitoci da yawa suka tsaya suka koya. Nan kusa da mu a Jahun, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, na wannan aiki tun 2008. In ka samu dama ka je ka tsaya ko na mako guda ne, ka ga yadda ake ɗinki a rami mai zurfi da ƙunci.

Ba zan miƙa maka wuƙa don ka gaji da riƙe ƙarfe ba. Yanzu kana rufe fata, kuma ɗinkinka ya fara daidaita, sai dai har yanzu kana kallon hannunka in za ka yi ƙulli. Ranar da ka daina, zan bar ka ka buɗe ciki, in koma ɗaya gefen in naɗe hannuna, ba zan sa baki ba sai in ran mutum ya shiga haɗari.

Gobe kasuwa. Ka biya wajen mahauta ka sayo hanjin akuya, ka ce kada su tsaga shi. Ka taho da ragowar zaren da muka ajiye, ka same ni a zaure bayan La'asar. Za ka yanka shi ka haɗa, sannan mu ɗura masa ruwa da sirinji mu ga ta inda zai ɗiga.