Yadda ake ɗaukar busar saksofon ta jaz mai sanyi a rubuce, a kuma nazarce ta

Tambaya: Malam, shekara huɗu ke nan ina busa saksofon ƙirar teno, kuma ina iya karanta rubutun kiɗa. Mako uku ina fama da busar Coleman Hawkins, shahararren mai busa teno a kiɗan jaz, ta waƙar "Body and Soul". Na samo yawancin sautukan, amma na kasa gane inda kowanne ya faɗa a kan bugu, kuma idan na sa kwamfuta ta buga abin da na rubuta sai in ji shi a sandare, babu rai. Ina kuskuren yake, kuma ta ina zan fara nazarin abin da ya busa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya same ka yana samun kusan duk wanda ya tunkari irin wannan waƙa mai tafiyar hawainiya, wadda 'yan jaz suke kira balad, domin a wajen rubutawa ta fi mai sauri wuya nesa ba kusa ba. Idan kiɗa yana tafiya da bugu 60 a minti ɗaya, kowane bugu yana cin daƙiƙa guda cur, kuma a cikin wannan fili mai busa zai iya shigowa da wuri, ko ya yi jinkiri, ko ya cusa sautuka bakwai, ko ya ja guda ɗaya har ya haura zuwa bugu na gaba. Shi kuwa rubutun kiɗa na Turawa ya fi sabawa da raba bugu gida biyu, gida huɗu, gida takwas. Ka kwatanta shi da rubutunmu na boko, inda garin Kano da garin tuwo suke da haruffa iri ɗaya, sai Bahaushen da ya san maganar ne yake mayar musu da karin sauti da tsawon wasali. Kwamfuta ba ta san maganar Hawkins ba, haruffan kawai take karantawa, saboda haka kada ka mayar da ita alƙalin aikinka.

Hawkins ya ɗauki wannan busa ranar 11 ga Oktoba, 1939, a birnin New York, kuma tsawonta minti uku ne ko kusa da haka, gwargwadon abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho take iya ɗauka a lokacin. Waƙar kanta Johnny Green ne ya tsara karinta a 1930. Tana da gida 32, kowane gida bugu huɗu, an kasa su kashi huɗu na gida takwas-takwas: na farko da na biyu da na huɗu iri ɗaya ne, na uku shi ne gada. Bayan gajeriyar shimfiɗa ta fiyano, Hawkins ya zagaya waƙar sau biyu, wato gida 64 ke gabanka. Sanin wannan ƙasusuwa tun kafin ka ɗauki fensir yana rage rabin ruɗanin.

Shawarata ta farko, wadda kuma na fi riƙe ta da ƙarfi, ita ce ka ajiye takarda da saksofon ɗin gaba ɗaya har sai ka iya rera busar da bakinka. Ɗauki gida biyu ko huɗu, ka saurara, ka amsa kamar ɗan amshi, ka sake, har ya zama idan kana rerawa tare da faifan muryarka tana shiga inda ya shiga, tana numfashi inda ya yi numfashi. Lennie Tristano, makahon mai fiyano da ya koyar da masu busa irin su Lee Konitz da Warne Marsh, haka yake sa ɗalibansa su yi da busar manyan masu saksofon Lester Young da Charlie Parker kafin su taɓa kayan kiɗansu. Shi ma Parker yana saurayi ta hanyar faifai ya haddace busar Young. Abin da ya zauna a maƙogwaro yatsu ba sa wahalar samunsa, kuma a lokacin rubutun zai zama tunatarwa ce ga abin da ka riga ka mallaka.

Idan ka dawo ga saksofon, ka fara da tabbatar da mabuɗin waƙar, wato sautin da take zaune a kansa. A fiyano tana kan D filat, wato rabin taki ƙasa da sautin D, gadar kuma tana hawa rabin taki zuwa D, sannan ta bi ta C kafin ta koma D filat. Tunda teno kake busawa, kai a wajenka E filat ne, gadar kuma E, domin ana rubuta wa teno sama da abin da kunne yake ji da taki ɗaya da zango guda, wato tazarar da ke tsakanin D da D na gaba. Tsofaffin faifai wani lokaci sukan ɗan karkace sama ko ƙasa saboda saurin injin da aka kwafe su da shi, don haka idan ka ji ko'ina bai dace ba, gyara sautin faifan a manhajar da kake sauraro da ita ka huta, kada ka zargi kunnenka.

Yanzu ga ainihin matsalarka. Ja layukan gida 64 a takarda, gida huɗu a kowane jere, ka rubuta kod ɗin kowane gida a samansa, wato haɗin sautukan da fiyano yake riƙewa. Sai ka saurari faifan sau ɗaya ba tare da ka kula da Hawkins ba sam, kunnenka yana kan masu rakiya, ƙafarka tana taka bugu. A manhaja irin su Transcribe! ko Audacity kana iya dasa alama a kan bugun farko na kowane gida. Da zarar turakun nan sun kafu, tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ƙarama ce: wane sauti ne yake kan bugun farko, wanne ne yake kan na uku, kuma guda nawa ne a tsakani? Idan ka ƙirga shida a cikin bugu ɗaya, rubuta su a matsayin sudusi, idan biyar ne humusi, idan uku ne sulusi. Sau da yawa za ka tarar abin da ka ɗauka rikitaccen lissafi ne, rubu'in bugu ne kawai da aka yi wa tafiyar rangwaɗa.

A nan ne nake saɓa wa masu cika takarda da ɗige-ɗige da ƙugiyoyi don su kama kowane ɗan jinkiri. Na ga rubutun da aka raba bugu ɗaya gida goma sha uku a cikinsa, wanda ko mai busar da kansa ba zai gane abinsa ba. Rubuta abin da ya nufa a sauƙaƙe, sannan ka ɗora ƙaramar kibiya mai kallon dama inda ya ja baya, mai kallon hagu inda ya yi gaba, da waƙafi a kowane wurin numfashi, da lanƙwasasshen layi inda ya zame ya hau kan sauti daga ƙasa, da baka biyu a kewayen sautin da ya haɗiye har da ƙyar ake jin sa. Rage saurin faifai yana da amfani, amma ka tsaya a kashi 70 ko 75 cikin ɗari. Idan ka sauka ƙasa da rabi, karkarwar sautinsa za ta buɗe ta zama kamar sautuka biyu dabam, sai ka rubuta abin da ba a busa ba.

Game da nazari kuwa, rubuta asalin karin waƙar a layi na sama, busar Hawkins a ƙarƙashinsa, gida da gida. Nan take za ka ga abin da ya sa wannan faifai ya girgiza mutane: bayan 'yan gidajen farko ya saki karin kusan gaba ɗaya, ya koma yana gina nasa daga cikin kod ɗin, yana hawa yana sauka a kan sautukansu. Zagaye sautin da ya faɗa a kan bugu na ɗaya da na uku, ka rubuta matsayinsa a kod ɗin, ko na uku ne, ko na bakwai, ko na tara. Ka lura musamman da wuraren da ake komawa D filat. A ƙa'ida kod ɗin A filat 7 ne yake kai ka can, amma za ka ji ana bi ta kod ɗin D7, wanda yake rabin taki sama da masauki, kuma hakan yana yiwuwa ne domin kod ɗin biyu sun yi tarayya a sautuka biyu da suka fi muhimmanci, C da G filat. Sannan ka ja da baya ka dubi zubin gaba ɗayansa: ya fara a ƙasa cikin natsuwa, jimlolinsa suna ƙara cika da tsawo, bai kai ga sautukansa mafi sama da ƙarfi ba sai a ƙarshen zagaye na biyu. Ni a wurina wannan haƙurin na riƙe ƙololuwa har kusan minti uku ya fi duk wata dabarar kod daraja.

Idan ka ga gida 64 sun yi maka yawa a karon farko, babu aibi ka jingine su ka ɗauki abin da ya fi kusa da kari. Faifan mai busa saksofon John Coltrane mai suna Ballads, wanda ya fito a 1963, yana da busar da kusan ba ta rabuwa da asalin waƙa, don haka duk hankalinka zai tafi ga lokaci da sauti. A cikin masu busa teno, Ben Webster zai koya maka yadda iska take rigan sauti fitowa, take kuma saura bayan ya mutu, Dexter Gordon kuma zai nuna maka iyakar yadda ake jan baya ba tare da an faɗi daga kan bugu ba. Gordon yakan karanto baitin waƙa ga masu sauraro kafin ya busa ta, kai ma ka nemi kalmomin ka rubuta su a ƙarƙashin karin, domin sau da yawa inda jimlar magana ta tsaya nan numfashin mai busa yake faɗawa.

Gwajin ƙarshe ba na kwamfuta ba ne. Sa faifan a kunne ɗaya, ka busa tare da shi, ka ɗauki kanka da waya, sannan ka saurari biyun a haɗe. Duk inda ka ji saksofon biyu maimakon ɗaya, koma gidan ka duba ko sautin ne, ko lokacin shigarsa, ko inda ka yanke shi, ka gyara alamar da ke takardar, ka sake ɗauka.