Amsa kan tabaran rana mai maganaɗisu

Alhaji, ka tambayi irin tabaran da za ka saro wa shagonka na Sabon Gari, wato wanda ake manna gilashin rana a kan firam ɗinsa da maganaɗisu. Fara da maganaɗisun: manna gilashin a firam, kifa shi, ka girgiza. In ya faɗo, ƙyale shi, mai babur daga Samaru ba zai kai Kwangila da shi ba.

Saro firam da gilasansa tare, don na wannan ba ya zama kan wancan. Nemi mai UV400, wato alamar cewa gilashin yana tare hasken rana mai cutar da ido, duhu kaɗai ba kariya ba ne. Mai kashe ƙyalli kuwa, duba allon kwamfuta ta cikinsa kana juyawa. In na gaske ne, allon zai yi baƙi. Gilashi ruwan ɗorawan nan na tuƙin dare, ni dai ba zan tara shi ba.